Hukuncin Rataya: Alƙali Ya Yanke, Wa Zai Zartar?

Abban_Sadik_Gwale:
Salamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ranar 28 ga Yuli 2022 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa Abdulmalik Tanko da Hashimu Isyaku hukuncin kisa ta hanyar rataya, saboda sace Hanifa da kashe ta, yarinya 'yar shekara 5. Kowa ya tuna yadda garin nan ya girgiza. Gwamnan lokacin, Ganduje, da bakinsa ya ce da zarar kotu ta yanke zai sa hannu. A Maris ɗin 2024 kuma aka yanke wa ɗan Chana ɗin nan da ya kashe Ummita a Janbulo irin wannan hukunci. Amma rabon da a rataye wani a Nijeriya tun Disambar 2016. To ina amfanin hukuncin da ba a zartarwa? Ko dai a riƙa zartarwa, ko a cire shi daga doka a daina yi wa iyayen mamata romon baka. Masana shari'a da malamai, ku fitar da mu daga duhu.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Wa alaikumus salam. Wallahi ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ranar da aka tono gawar yarinyar nan ban iya cin abinci ba, jikata sa'arta ce. Malaminta fa, wanda iyaye suka ba shi amana! Ni a ganina ba ma a cikin gidan yari ya kamata a yi ba, a fito da su fili kowa ya gani. Da an yi wa mutum biyu uku haka da tuni an shiga taitayi.

Ɗan_Kurna:
Gwamnoni tsoro suke ji, shi ke nan. Babu mai son ya kwana da jinin wani a wuyansa.

Barista_Fagge:
Malam Abban Sadik, tambayarka tana kan hanya, amma akwai matakan da ya kamata a sani kafin a ɗora wa mutum ɗaya laifi. Hukuncin Babbar Kotu ba shi ne ƙarshe ba. Wanda aka yanke wa kisa yana da haƙƙin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan Kotun Ƙoli, kuma matuƙar ƙararsa tana gaban kotu doka ta hana a taɓa shi. Ganduje ya sauka a Mayun 2023, ko shekara ba a cika ba da yanke hukuncin. Shari'ar kisa daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ƙoli tana iya cin shekara 10 ko fiye. An taɓa yin gaggawa a Jihar Oyo, aka kashe wani mutum alhali ya ɗaukaka ƙara, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ta aikata ba daidai ba.

Bayan an gama da kotuna sai magana ta koma teburin gwamna. Sashe na 212 na Kundin Tsarin Mulki ya ba shi ikon yin afuwa ko sassauci bayan ya shawarci majalisar da ke duba wannan, in kuma bai yi ba sai ya sa hannu a takardar zartarwa. A nan ne maganarka take da ƙarfi, domin akwai waɗanda ƙararsu ta ƙare tuntuni, takardunsu suna nan a ajiye. Hukuncin kansa halal ne a doka: sashe na 33 ya yarda da shi, Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Onuoha Kalu a 1998, kuma sashe na 221 na Final Kod, wato kundin dokar laifuka na Arewa, shi ne ya tanadi kisa ga wanda ya kashe da gangan.

Abban_Sadik_Gwale:
Na gode Barista. To waɗanda tasu ta ƙare ɗin, su nawa ne, kuma me ake jira?

Barista_Fagge:
Hukumar gidajen gyaran hali ta ƙasa ta sha faɗin cewa masu jiran kisa sun haura 3,000 a faɗin ƙasa, amma wannan ya haɗa da masu ɗaukaka ƙara. Tun dawowar mulkin farar hula a 1999 waɗanda aka zartar wa ba su da yawa. An rataye Sani Yakubu Rodi a Kaduna a Janairun 2002 bayan kotun Musulunci a Katsina ta same shi da kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. A 2006 Malam Ibrahim Shekarau ya sa hannu a kan wasu da kotunan Kano suka yanke wa. Sai Edo zamanin Oshiomhole, mutum 4 a 2013, sannan wasu 3 a ƙarshen 2016 zamanin Obaseki. Kuma dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ce wanda ya ƙure ɗaukaka ƙara, aka shekara 10 ba a zartar ba, Babban Jojin jiha zai iya mayar masa da shi ɗaurin rai da rai. Ka ga shirun gwamna shi kansa hukunci ne.

Malam_Na_Madabo:
Bismillah. Ina so in gyara wa Ɗan Kurna magana. Shugaban da ya zartar da hukuncin da kotu ta tabbatar da hujja ba jini ya ɗauka ba, amana ya sauke. Allah Ta'ala ya ce a cikin Suratul Baƙara, aya ta 179, kuna da rayuwa a cikin ƙisasi. Amma ku karanta ayar da ta gabace ta, ta 178, a nan ne aka buɗe ƙofar yafiya da diyya. Abin da ya sha mana kai yau shi ne, a Musulunci jinin ba na gwamna ba ne, na waliyyan mamaci ne. Su ne za su ce a kashe, ko su karɓi diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinare, ko su yafe don Allah. Ko sun yafe, a mazhabarmu ta Malikiyya mai kisan ganganci sai an yi masa bulala 100 an tsare shi shekara guda. A Final Kod kuwa ko uwa da uba sun yafe shari'a ba ta tsayawa don haka, in kuma sun ce a kashe, gwamna zai iya yafewa ba tare da ya tambaye su ba. An ƙwace haƙƙin daga hannun masu shi ta fuska biyu.

Sai dai irin na Hanifa ba ya cikin abin da ake yafewa. Wanda aka yaudara aka kai shi ɓoye aka kashe don neman dukiya, wannan kisan gila ne, kuma Risala ta faɗa ƙarara cewa babu afuwa a cikinsa, ba daga iyaye ba, ba daga shugaba ba.

Ɗan_Kurna:
Allah ya gafarta Malam, ban ce daidai suke yi ba. Na ce tsoro ne, da kuma lissafin zaɓe da ƙungiyoyin waje.

Ummu_Khalil:
Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta shafe ni. Ƙanena aka kashe. Yana dawowa daga shago bayan isha'i wasu yara suka tare shi don waya, ya riƙe, ɗaya ya soka masa wuƙa a ƙirji. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar mata da goyo. An kama biyu daga cikinsu. Tun daga nan muke sintirin kotu: yau babu motar kawo masu laifi, gobe mai gabatar da ƙara ya tafi wani aiki, jibi an canza alƙali a sake daga farko. Shaidar da ya ga abin da idonsa ya gaji ya daina zuwa, kuma ban ga laifinsa ba, ɗan kasuwa ne, kuma abokan yaran suna unguwar suna kallonsa. Mahaifiyarmu ta rasu ba ta ga ƙarshen shari'ar ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, dangin yaran sun turo dattawa a yi sulhu, kuɗin da suka kawo ko kuɗin makarantar marayan na shekara biyu bai kai ba. Ku kuna maganar wanda aka yanke wa ba a zartar ba. Mu ko yankewar ba mu samu ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Mama, ya raya abin da ya bari. Sannu ƙanwata.

Sadauki_Ɗorayi:
Allah ya ba ku haƙuri Yaya. Irin wannan ne yake sa in an kama ɗan ƙwacen waya mutane ba sa jiran 'yan sanda.

Ɗalibin_Shari'a:
Yaya Ummu Khalil, Allah ya gafarta masa. Na san abin da zan faɗa ba zai yi wa da yawa daɗi ba, amma zan faɗa. Tsarin da ya kasa kawo mai laifi kotu a kan lokaci, ya kasa kare shaida, shi ne za mu miƙa wa igiya mu ce ba zai yi kuskure ba? Shari'o'in kisa da yawa a ƙasar nan a kan takardar amsa laifi da aka rubuta a ofishin 'yan sanda suke tsayawa. Ba banza ba dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yi maganar ɗaukar bayanin wanda ake zargi a bidiyo ko a gaban lauyansa, aka kuma yi dokar hana azabtarwa a 2017. Da ba a dukan mutane su amsa abin da ba su yi ba, da ba a buƙaci waɗannan dokoki ba. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa. Wanda aka rataye fa? Ingila da ta kawo mana ratayar, rabonta da ita tun 1964. Saliyo ta soke hukuncin kisa a 2021, Gana ta soke shi a kan kisan kai a 2023. Nijar da muke maƙwabtaka da ita, ƙasar Musulmi, ba ta zartar ba tun 1976.

Sadauki_Ɗorayi:
Kai yaro, karatun boko ne yake ɗibarka. Wane kuskure ne a maganar Hanifa? Mutumin da ya nuna inda ya binne ta? Wanda ya kulle masallaci a Gezawa a 2024 ya cinna wa masu sallar asuba wuta, shi ma kuskure ne? Kuna tausayin mai kisa kun manta da wanda ke kabari.

Ɗalibin_Shari'a:
Yaya Sadauki, ban ce kowace shari'a akwai shakka ba. Na ce doka ba don shari'a ɗaya ake yin ta ba. Igiyar da za ta rataye wanda kowa ya tabbatar, ita ce ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum 8 a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995, bayan kotun musamman da babu ɗaukaka ƙara. A 1985 an harbe mutum 3 a Legas kan ƙwaya da dokar da aka yi bayan sun riga sun aikata laifin.

Malam_Na_Madabo:
Sadauki, kada ka zage shi, rabin maganarsa fiƙihu ne. Malamai sun kafa ƙa'ida cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha, kuma iƙirarin da aka samu da duka ba hujja ba ne. Ƙisasi sai da shaidu biyu adalai, ko iƙirari na son rai, ko ƙasama, wato rantsuwa 50 ta dangin mamaci, da sharuɗɗanta. Inda na rabu da kai, ɗana, shi ne maganar sokewa. Gurɓacewar bincike dalili ne na gyara bincike, ba na ɗage hukuncin da Allah ya saukar ba.

Baba_Tsohon_Gandiroba:
Ni na yi aikin gidan yari har na yi ritaya, kuma na yi tsaron ɓangaren masu jiran kisa. Ba zan faɗi ko wane gida ba ne. Masu cewa suna can suna cin tuwon gwamnati suna hutawa, ba su taɓa leƙawa ba. Ɗakin da aka gina don mutum ɗaya ko biyu za ka tarar da ninkin haka. Duk lokacin da aka ji takun da ba a saba ji ba da sassafe, ko aka ga baƙin jami'ai, ɓangaren nan tsit yake yi, wani har zawo yake kamawa. Mutum ya yi shekara 15 a haka. Na ga wanda ya haddace Alƙur'ani a ciki ya zama limaminsu, na ga wanda hankalinsa ya gushe, na kuma ga wanda har na bar aiki bai taɓa nuna nadama ba, yana cewa in ya fita sai ya ƙarasa sauran.

Abin da zan gaya muku tsakanina da Allah, kusan dukkansu talakawa ne. Manomi da ya sari ɗan'uwansa kan iyakar gona, ɗan acaɓa, leburan kasuwa. Da yawa ba su ɗaukaka ƙara ba don babu kuɗin lauya, wani ma bai san ana yi ba. Ban ce kada a zartar ba. Wanda ya kashe yarinya don kuɗi, ni ba na jin komai a kansa. Amma ajiye mutum shekara da shekaru tsakanin rai da mutuwa, babu shi a littafin Allah, babu shi a na Bature.

Ummu_Khalil:
Baba, na ji maganarka kuma ta taɓa ni. Amma su ana kai musu ziyara, uwa tana ganin ɗanta. Mu sai dai mu je maƙabarta.

Baba_Tsohon_Gandiroba:
Gaskiyarki 'yata. Ba ni da amsar wannan.

Auwalu_Mai_Shayi:
Ni tambayata, ita ratayar ma Musulunci ya san da ita? Ba takobi ba ne?

Jikan_Wambai:
Kafin zuwan Turawa a 1903, kuma har bayan zuwansu, a Kano Hauni ne yake zartar da hukuncin kisa, da takobi, bayan shari'a ta ƙare a gaban Sarki. Kakanninmu sun ba mu labarin ana yi a wajen kasuwar Kurmi, a bainar jama'a. Rataya ta Turawa ce. Kotunan sarakuna sun ci gaba da shari'ar kisa da fiƙihun Malikiyya har zuwa lokacin da Final Kod ya fara aiki a 1960, lokacin Sardauna. Saudiyya har yau takobi take amfani da shi.

Malam_Na_Madabo:
Haka ne. Asali takobi ne, kuma hadisi ya yi umarni da a kyautata kisa, ba azabtarwa, ba wulaƙanta gawa. Amma Auwalu, ba igiya ko takobi ne matsalarmu ba yanzu, tunda ko ɗaya ba a ɗagawa.

Dakta_Zainab_Tarauni:
Hajiya Mai Atamfa ta ce a yi a fili don a tsorata. An gwada wannan. Zamanin soja a bakin teku a Legas ake ɗaure 'yan fashi a jikin durom a harbe su, jama'a suna kallo, ana nunawa a talabijin. An harbe ƙasurgumin ɗan fashi Anini a 1987. Fashi ya ƙare? Yaron da ya sha ƙwaya ya fito da wuƙa ba ya lissafin abin da Kotun Ƙoli za ta ce bayan shekara 10. Abin da yake lissafawa shi ne, za a kama ni yau? In an kama ni, maigidana zai sa a sake ni? Nan gizo yake saƙar.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Dakta, ko bai hana kowa ba, ai shi wanda aka kashe ba zai sake kashe wani ba. Kuma zuciyar uwa za ta yi sanyi.

Sadauki_Ɗorayi:
Maganar maigida da Dakta ta kawo ita ce gaskiya. Lokacin zaɓe su wa suke raba wa yaran nan kuɗi da kayan maye? Sai an gama a ce 'yan daba sun addabi gari. Daga Ɗorayi zuwa Kurna zuwa Ƙofar Mata labarin ɗaya ne.

Ɗan_Kurna:
Ƙwayar nan kuwa ba daga sama take faɗowa ba, manya ne suke shigo da ita katan-katan.

Admin_Habibu:
Jama'a a dawo kan tambaya don Allah. Maganar daba da ƙwaya a buɗe mata nata zaure. Kuma ban da kiran sunan jam'iyya.

Maman_Ilham:
Ni abin da ya kashe mini gwiwa maganar Maryam Sanda ce. Kotu a Abuja ta yanke mata rataya a Janairun 2020 kan kashe mijinta Bilyaminu. A Oktoban 2025 sai ga sunanta a jerin waɗanda Shugaba Tinubu ya yi wa afuwa, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka dawo aka ce sassauci ne zuwa shekara 12. Manomin da Baba Gandiroba ya ambata, wa zai kai sunansa Abuja? In za a yi rahama a yi wa kowa, in za a zartar a fara daga mai gata.

Barista_Fagge:
Abin da nake ganin zai yiwu ba tare da an jira gyaran Kundin Tsarin Mulki ba: a ware alƙalan da ba su da wani aiki sai shari'ar kisa, a ba talaka lauya na gaske tun daga ofishin 'yan sanda, a sa wa gwamna wa'adi bayan Kotun Ƙoli ta gama, ko ya sa hannu ko ya sassauta ya faɗi dalili a fili. Kuma majalisar afuwa kada ta zauna sai ta ji ta bakin iyalan mamaci, wanda ya yi kusa da abin da Malam ya bayyana. Ga Sadauki kuma, kan maganarka ta farko: a Maris ɗin 2025 a Uromi mutanen gari suka kashe matafiya 16, mafarauta masu dawowa gida Kano, don an ce masu garkuwa ne. Su ma waɗanda suka yi hakan cewa suke ba sa jiran 'yan sanda.

Sadauki_Ɗorayi:
Barista ban goyi bayan ɗaukar doka a hannu ba, na faɗi abin da yake jawo shi ne. Allah ya jiƙan mutanenmu na Uromi.

Ɗalibin_Shari'a:
In aka sa wa'adi alhali bincike yana yadda yake, talakan da ba shi da lauya shi zai fara hawa. A fara da gyaran, a bar wa'adin.

Abban_Sadik_Gwale:
To sai yaushe gyaran zai ƙare? Wannan ne fa tsorona, kullum a ce sai an gyara, iyaye suna mutuwa da baƙin ciki kamar mahaifiyar Ummu Khalil. Ni har yanzu ina kan bakana a kan irin na Hanifa, wanda babu shakka a cikinsa. Na manomin da Baba ya faɗa kuwa, a kira dangi a yi maganar diyya.

Ummu_Khalil:
Barista, an sake ɗage mana zuwa wata mai zuwa. Shaidar nan da ya daina zuwa, akwai yadda kotu za ta kira shi ta kuma ba shi kariya? Kuma mu iyali muna da ikon ɗaukar namu lauyan ya zauna a shari'ar?

Barista_Fagge:
Ƙwarai kuwa. Kotu tana iya aika masa sammacin shaida, mai gabatar da ƙara ne zai nema, kuma a gaya wa alƙali maganar barazanar. Kuna iya ɗaukar lauya ya riƙa sa ido a madadin iyali. Turo mini lambar shari'ar ta akwatin sirri, Hajiya, in duba inda aka tsaya.